Labarin Kawunka da Na Hana a Ƙarasa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin hanya da sharrin abokin hanya. Amin.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke, tsakanin ƙofata da taka taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga, amma sai ga ƙanwarka Ummi ta miƙo maka ambulan. Ka san dalili. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina ka ci. Shekara ashirin da biyu ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zama na yi hira da kai ba. Kai ma Yaya kake ce mini, yadda ka tashi ka ji kawunka Habu yana faɗa. Haka muka tarar ana yi, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba sai makon nan, da na wayi gari da maganar da in ban faɗe ta ba za ta iya cin ranka, bakina kuma ya ƙi buɗuwa.

Ka ce wa mahaifinka ranar Alhamis za ka tafi Maigatari, ka samu aiki wajen wani mai fataucin shanu. Ummi ta gaya mini gaskiya. Kada ka yi mata faɗa, da kuka ta zo. Ta ce Maigatari mashiga ce kawai. Daga can Damagaram, daga can Agadas, daga can sai hamada har Libiya. Ta ce Sale, wannan da ke zama a teburin mai shayin bakin tasha, shi ya haɗa ka da masu mota, kuma ya ce maka ya ga kawunka Habu a can da idonsa, yana da shago.

Tun ranar da na ji nake neman abin da zan ce maka. Wata uku ke nan da na karɓi digirin da na yi shekaru ina bi a lokutan hutu, har ka ɗauke ni hoto da rigar bikin kammalawa kana tsokanar Ummi wai an samu farfesa a gida. Yau ga ni da takardar a bango, kuma babu layi ɗaya a cikinta da zai riƙe mini ƙafarka. Don haka ba wa'azi zan yi maka ba. Abin da na ɓata da hannuna zan faɗa maka, yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Ka tuna kududdufin bayan gidan Inna a Ɗanzomo? Da aka yaye ka, Inna mahaifiyata ta ɗauke ka kamar yadda ake yi wa ɗan fari, ka tashi a hannunta tare da Habu autanmu. Ni ina nan Gumel ina koyarwa a firamare, sai an yi hutu nake zuwa. Wani hutun rani, kana da shekara bakwai, na ji ka a ƙofar gida kana gaya wa yara wai akwai wata tsohuwa a ƙarƙashin kududdufi. Ba ta da ɗa, ba ta da jika. Idan damina ta sauka sai ta zauna cikin ruwa ta wajen gindin tsamiya, da zanen gansakuka a hannunta, tana jiran yaron da za ta goya. Wanda ta goya kuwa ba ta sauke shi. Kana faɗa idanunka sun fito waje.

Na shiga wajen Inna raina a ɓace. Na ce, "Inna, wace irin ƙarya ce kike cusa wa yaro?"

Tana tsince wake a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ke ma da ita na raine ki. Ga ki nan da ranki, har kin zama Malama kina yi mini jarrabawa."

Na ce, "Zamani ya canza. A gaya wa yaro gaskiya."

Ta ce, "To Malama, je ki gaya masa. Allah ya sa gaskiyar taki tana da igiya."

Kunya ba ta bar mini muryar uwa a kanka ba, muryar malamar makaranta kawai ta bar mini, da ita na kira ka. Na sa ka a gaba muka sauka cikin kududdufin, a bushe yake ƙayau, ƙasa duk ta tsattsage. Na ce rami ne da aka haƙi ƙasar gini, ruwan sama ke taruwa a ciki, shi ke nan. Na sa ka buga ƙafa a gindin tsamiyar. Ka ɗago ka ce, "Yaya, to ina take zuwa da rani?" Na ce babu ta, ko rani ko damina. Na koma Gumel ina jin na yi aikin ilimi.

Da ruwa ya zauna, wata rana da hantsi Habu yana dawowa daga gona ya ga takalmanka a bakin kududdufi, babu kai. Ya jefar da fartanya ya faɗa da kayansa. Shi ya lalubo ka ta wajen tsamiyar nan, ya kifa ka yana matsa cikinka har ka amayar da ruwa. Da saƙo ya same ni na zo, abin da Inna ta ce mini ɗaya ne: "Ta so ta goye shi, Habu ya kwance zanen."

Ka san halina. Washegari na samo gora na je na auna. Ta wajen tsamiya ruwan ya shanye tsawon babban mutum har da ɗaga hannu, sauran gefen kuwa iyakarsa gwiwa. Ashe labarin Inna ya faɗi wurin daidai, ya faɗi lokacin daidai. Tsohuwar kaɗai ce babu. Ni na cire tsohuwar, ban sa komai a gurbinta ba. Yaro ɗan shekara bakwai ba ya tsoron zurfi, bai san shi ba. Amma ya san goyo.

Abba, in ka ji manya suna maimaita wani labari, kada ka fara da tambayar ko ya faru. Fara da tambayar me aka killace da shi. Kada ka tuge shinge don ka ga na kara ne, sai ka leƙa ka ga abin da ke bayansa.

Da ma a nan na tsaya. Amma mai laifi ba ya rasa wanda zai ɗora wa. Na ce sakaci ne na Inna, na ɗauke ka na dawo da kai Gumel. Ran nan Habu ne ya ɗauko mana ƙullin kayanka har bakin titi, ya ajiye ya juya. A gidana kuwa babu "ga ta nan ga ta nanku". Akwai aikin gida da jadawalin lissafi. Ka samu uwar da ba ta hira da kai, ka rasa kakar da ke yi. Wannan ma ni na yi.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Shekarar da ta biyo baya Habu ya tafi. Shi ma a kasuwar Maigatari ya ji labari daga bakin waɗanda suka dawo da agogo da manyan wayoyi, shi ma ranar Alhamis ya hau mota. Ya kira sau ɗaya daga Agadas, ya ce a gaida Inna, a ce ta yi masa addu'a. Daga nan shiru. Shekara goma sha huɗu ke nan da 'yan watanni.

Bayan wata bakwai, ina Ɗanzomo hutu, wani mutum ya yi sallama. Siriri ne ƙwarai, leɓunansa duk tabo. Ya ce sunansa Idi, ɗan wani maƙeri daga wani ƙauye kusa da Gagarawa, tare suka yi tafiya da Habu, kuma ya zo da saƙo. Ka san al'adarmu. Wanda ya ga ƙarshen mutum a hanya, nauyi ne a wuyansa ya nemi gidansu ya zauna ya faɗa musu tun daga farko har ƙarshe. Mutanen gida kuma nasu shi ne su shimfiɗa tabarma, su kawo ruwa, su yi shiru. Inna ta shimfiɗa masa a zaure, ta kawo fura. Ni kuwa na ɗauko littafina da biro.

Ya fara. Ya ce bayan Agadas direbansu ya saki hanya don kauce wa masu tsaro, akori-kurar ta lalace a inda babu ko ciyawa. Direban ya bi wata mota ya ce zai kawo kayan gyara, bai dawo ba. Ya ce su ashirin da biyu ne. Can gaba ya ce ashirin da huɗu. Ya ce kwana huɗu suka yi a ƙarƙashin motar. Da na sake tambaya ya ce biyar.

Na ce, "Malam, huɗu ne ko biyar?"

Ya ce, "Malama, Allah ne masani."

Na ce, "Ɗazu ka ce ashirin da biyu. Su waye biyun da suka ƙaru? Ina shaidar da ka zo da ita? Ko hularsa?"

Inna ta ce, "Hajara, bar bawan Allah ya ƙarasa."

Na ce, "Inna, maganarsa ba ta haɗu ba. Irinsu ne ke yawo gida-gida suna yaudarar tsofaffi. In ba haka ba, wa ya nuna masa gidan nan?"

Mutumin ya ajiye ludayin a hankali. Ya dube ni ya ce, "Wanda harshensa ya bushe kamar ƙirgi ba ya lissafin kwana, Malama. Allah ya ba ku haƙuri." Ya sa takalmansa ya fita. Inna ta bi shi har ƙofa tana kiran "Ɗana, ɗana, dawo," bai waiwayo ba.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa na kare Inna daga ɗan damfara. Ba haka ba ne. Na san inda labarin ya dosa, shi ya sa na tare shi. Muddin bai kai ƙarshe ba, Habu bai mutu ba. Tsoro ne na lulluɓe da lissafi.

Ka ga abin da ya biyo baya. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, don babu wanda ya ji an ce ya rasu. Inna ta kulle ɗakinsa da kekensa a ciki, ta ɗaura makullin a bakin zane. Duk wanda aka ce ya dawo daga arewa sai ta aika a tambaye shi. Haka ta yi shekara tara, har Allah ya karɓi abinsa. Kai kuma duk sanda ka ce, "Yaya, ina Kawu?" sai in ce yana Libiya yana aiki. Ni da na hana Inna tsohuwar kududdufi don ƙarya ce, ni na ƙirƙiro maka kawu mai rai. Ƙaryar Inna ta nisanta ka da rami. Tawa ga ta tana jan ka zuwa cikinsa.

Ka riƙe wannan, ko ba ka riƙe komai ba. In mutum ya zo maka da labarin abin da ya gani da idonsa cikin wahala, ka bar shi ya kai aya. Zai ruɗe a ƙirge, zai sa na gaba a baya. Wanda ya sha wuya haka yake magana. Mai maganar da ba ta da ko gargada, wanda kullum labarinsa sumul yake kamar an goge, shi ne abin tsoro.

Wannan ya kawo ni kan Sale. Watan jiya da na fara jin kana zama wajensa, na sauka daga adaidaita a bakin tasha na tsaya kamar mai sayen biredi. Kuna kewaye da shi, ku wajen takwas, ba ka gan ni ba. Yana cewa, "Wallahi a can mai wankin mota ya fi daraktan nan. Kai ɗan boko, ajiye takardar nan, ko ƙosai ba za a naɗe maka da ita ba!" Kuka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Oga Sale, hamadar fa?" Ya ce, "Hamada? Barci biyu ne, sai ka farka ka ga fitilu. Matsoraci shi ke mutuwa a Gumel da ciwon sauro." Gaskiya ya iya baki. Ni kaina sai da na ga fitilun.

Me na yi? Na je shagon kwamfuta aka buga mini bayanai kan haɗarin hanyar, shafi shida, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin muhimman wurare, na ajiye maka a kan katifa. Bayan kwana biyu na ga ka ɗora kofin shayi a kai. Ban ga laifinka ba. Sale ya ba ka kawunka, mutum dogo mai wushirya tsaye a ƙofar shagonsa, ni na ba ka takarda.

Ba ni da tabbacin ana ba Sale kamasho kan kowane yaro, don haka ba zan ce ana ba shi ba. Abin da na tabbatar shi ne, Ummi ta ce kai ka fara siffanta masa kawunka, tsawonsa da wushiryarsa, sannan ya ce ya gan shi. Kuma ka lura, duk labarin hanyar nan da ake bayarwa a garin nan, waɗanda suka dawo ne ke bayarwa. Waɗanda ba su dawo ba ba su da teburin shayi. Gidajensu kuma, irin namu, sun yi gum saboda kunya da tsoro. Sai gari ya cika da rabin labari, yaranmu suna bin rabin nan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ba ka labarin tafiya, ka tambaye shi su nawa suka tashi, su nawa suka isa, kuma ina sunayen sauran. Ka kalli fuskarsa lokacin da yake amsawa.

Ranar Asabar da ta wuce na ce wa mahaifinka zan je dubiya. Na buɗe tsohon littafin nan nawa, inda na rubuta sunan mutumin da ƙauyensu da sana'ar ubansa, da niyyar kai ƙararsa a wancan lokacin. Na hau motar Gagarawa, daga can na hau babur. Duk hanya ina tsoro, kada in tarar ya rasu, kada kuma in tarar yana nan. Na same shi a maƙera yana gyaran lauje. Ya yi furfura. Malam Idi ake ce masa yanzu.

Kallo ɗaya ya yi mini ya ce, "Malama mai biro."

Na durƙusa a cikin tokar maƙerar na ce, "Malam, na zo ka ƙarasa."

Ya ajiye laujen. Sannan ya ce, "Kin zo da littafin?"

Na ce, "Na bar shi a jaka."

Ya ce, "To bar shi can." Ya sa aka kawo tabarma. Ya ce shekara goma sha huɗu yana ɗauke da kayan da ba nasa ba, ko aikin Hajji aka ba shi bai kai wannan sauke nauyin ba. Ga abin da ya faɗa, kuma wannan karon ban katse shi ba ko sau ɗaya.

Ya ce da ruwan jarkoki ya kusa ƙarewa, mutane suka fara zubewa a inuwar motar, wanda ya rufe ido da rana tsaka sau da yawa ba ya sake buɗewa. Sai Habu ya ce kada kowa ya yi shiru. Ya ce kowa ya kama na kusa da shi ya ba shi labarin gidansu: sunan gari, ta inda ake shiga, bishiyar da ke ƙofa, sunan uwa. A maimaita har ɗaya ya haddace na ɗaya, don duk wanda Allah ya fitar ya kai labarin ɗan'uwansa. Shi da Habu suka kama juna. Ya ce, "Malama, kin tambaye ni wa ya nuna mini gidanku. Ban tambayi kowa ba. In ka shiga Ɗanzomo ta gabas, ka wuce masallaci, gida mai kududdufi a baya da tsamiya ta karkata. Har yau in na rufe ido ina gani."

Ya ce da aka gama na gidaje sai Habu ya koma tatsuniyoyin Inna, da muryar da ba ta fita sosai. Manya masu gemu suna cewa "ta zo mu ji ta" da busassun leɓuna. Ya ba su na tsohuwar kududdufi. Sannan ya ba su labarinka, Abba. Yadda yayarsa Malama ta kori tsohuwa da ilimi, yadda ya ga takalma a bakin ruwa, yadda ya matse cikin yaro ruwa na fita ta hanci. Ya ce musu, "Ku ji ikon Allah, ɗanmu ruwa ya so kashe shi don yawa." Malam Idi ya ce suka yi dariya, dariyar da babu sauti, har wani ya ce don Allah a sake ba da wajen ruwan, a hankali. Ya ce sau uku Habu ya maimaita. Malam Idi ya ce, "Ni dai da ba don ina jiran in ji ko yaron zai farfaɗo ba, ko da na riga na sani, da na rufe ido tun ranar."

Habu ya rasu da la'asar, a rana ta huɗu ko ta biyar. Ban tambaya ba. Kansa yana kan cinyar Malam Idi, kuma ya samu kalmar shahada. Waɗanda ke iya tsayuwa suka yi taimama suka yi masa salla, suka tona yashi da hannu suka rufe shi. Washegari sojoji masu sintiri suka tsinci waɗanda suka rage.

An yi masa salla, Abba. Abin da Inna ta yi shekara tara tana son ji ke nan. Yana bakin mutumin nan a zaurenta, saura kaɗan ya faɗa, na kore shi a kan huɗu da biyar.

Saƙon da ya ba da kuwa kashi biyu ne. Na Inna, ta yafe masa. Nawa kuma, Malam Idi ya faɗe shi yadda aka ba shi: "Ka ce wa Yaya Hajara ta mayar da yaron nan wajen Inna ko da hutu ne. Yaro ba ya rayuwa da lissafi kaɗai."

Kawunka ba shi da shago. Yana ƙarƙashin yashi a wurin da ba shi da suna, kuma kai ne labarin da ya riƙe a bakinsa har ƙarshe. Hannun da ya ciro ka daga ruwa ba zai so ka zo nemansa a can ba. Na san ba don shi kaɗai za ka tafi ba. Na san zaman banza ya ishe ka, na ga yadda kake fita da takardunka ka dawo ka jefa su a kan gado. Ba ni da aikin da zan ba ka, ba zan yi maka alkawarin abin da ba ni da shi ba. Amma ka cire Habu daga cikin dalilanka, sannan ka sake auna abin da ya rage, ka ga ko ya kai ranka.

Na gaya wa mahaifinka komai jiya. Ya ce ranar Juma'a za a yi wa Habu addu'a a Ɗanzomo, a buɗe ɗakin, a fitar da keken. Ya ce ba zai ɗaure ka ba, kai ba yaro ba ne. Ni ma ba zan iya ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka ɗauki maganata, ni da na yi maka ƙarya shekara goma sha huɗu. Je ka ji daga bakin wanda ya gani. Malam Idi ya ce yana maƙera ranar Laraba tun safe, kuma yana so ya ga yaron kududdufi da idonsa. Ka ba Sale watanni kana saurare. Ba wannan mutumin wuni ɗaya. Ranar Laraba da ƙarfe takwas zan kasance a wajen motocin Gagarawa. Zan zauna a baya. Ba sai ka yi mini magana ba, ba sai ka zauna kusa da ni ba.

In ka ji shi har ƙarshe kuma ka ce sai ka tafi, to ga abin da zan ce. Ka yi yadda kawunka ya yi. Ka kama na kusa da kai a mota ka ba shi labarin gidanku tun kafin ku bar kwalta. Ka ce Gumel, bayan makarantar firamare, gida mai ƙofa shuɗiya da dalbejiya biyu. Ka ce sunan uwarka Hajara. Uwarka, ba yayarka ba, kada ya zo yana neman wata. Na yi wa Allah alkawari, duk wanda ya yi sallama a ƙofar nan da labarinka, zan shimfiɗa masa tabarma in zauna in yi shiru har ya gama, ko ya ce kwana huɗu ya koma ya ce goma.

Amma ina roƙon Ubangijin da ya fitar da kai daga ruwa kada ya nuna mini fuskar wannan baƙon. Kai nake so ka zauna a tabarmar. Akwai tatsuniyoyin Inna da na iya, duk na iya su, ban manta ko ɗaya ba, hana kaina faɗa kawai na yi. In kana nan ranar Juma'a, bayan an shafa addu'a, zan ba Ummi ta tsohuwar kududdufi a tsakar gida da ƙarfi. Kai sai ka zauna a bakin ƙofa kamar ba ka ji.

Allah ya tsare ka a inda nake gani da inda ba na gani. Allah ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya ko da ɗaci, ya toshe kunnenka daga zaƙin bakin da zai kai ka rami. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Habu, ya yafe mini abin da na yi musu. Allah ya yi maka albarka duniya da lahira. Amin summa amin.

Ka duba bayan ambulan. Na rubuta sunanka na yanka, cikakke, da hannuna. Ban taɓa yi ba.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajara